Yadda Alfadarar Doña Hermelinda Ta Zama Biyu

Don Teófilo ya riga ya ɗora kwalbar allurar a kan kantar shagonsa. Doña Hermelinda ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai ya janye ta ya ɓoye a bayansa.

"Ina takarda, comadre?"

"Wace takarda kuma?"

"Ta likita. Tun ranar Litinin ba a sayar da wannan sai da ita."

Ta dube shi sama da ƙasa. Mutumin nan shi ya riƙe 'yarta ta fari ranar baftisma, tun daga lokacin suke kiran juna compadre da comadre. Shekara goma sha huɗu tana sayen maganin dabbobi a shagonsa na kasuwar San Crispín, bai taɓa tambayarta ko takardar naɗe sabulu ba.

"Teo, ba wasa ya sauko da ni daga dutse ba. Kwana biyu Canela ba ta ci komai ba. Idonta ya yi ɗorawa, fitsarinta kamar gahawar da aka manta a kan wuta. Zazzaɓin kaska ne, ka sani, na sani. In ba a yi mata allura yau ba, gobe ungulu ne za su yi kalaci da ita."

Canela alfadara ce, ja, mai taurin kai, wadda marigayi mijin Hermelinda ya bar mata tare da gonar gahawa a can saman El Zapotal. Inda mota ke tsayawa, sai an yi tafiyar awa guda a ƙafa kafin a kai gonar. Duk buhun gahawar da ya taɓa saukowa daga can, da duk buhun masarar da ya taɓa hawa, a bayan Canela ya bi. Saura mako uku a fara tsinkar gahawa.

"Da can ma ai akwai doka," ta ce. "Ban taɓa jin ka ambace ta ba."

"Da can dokoki arba'in da bakwai ne, comadre. Kafin mutum ya bi su sai ya zaga ofis huɗu ya kwana tara, dabbar ta mutu har ciyawa ta fito a kanta. Shi ya sa ba mai bi, sufeton kansa bai san rabinsu ba. Yanzu sun narkar da su sun zama shafi guda. Layi bakwai kacal! Tunda kuwa kowa ya karanta ya gane, ba wanda zai ce bai sani ba." Ya nuna wata 'yar na'ura da aka girke masa kusa da sikeli. "Kowace kwalba da lambarta. In ta bar shagon nan ba lambar takarda, su zo su garƙame ni."

A bango an manna hoton wata saniya tana murmushi da haƙora irin na mutane. A ƙarƙashinta an rubuta da manyan baƙaƙe: DABBA ƊAYA, TAKARDA ƊAYA, HATIMI ƊAYA.

"Minti biyar ne, in ji rediyo," in ji Don Teófilo. "Ki je ofishin lafiyar dabbobi Dokta Paguada ya buga miki hatimi. Kwalbar na nan, ba mai taɓa ta."

"Ranar da za a binne ka, Teo, zan tambayi takarda kafin in yi kuka."

Agogon coci ya nuna tara da minti ashirin. Bas ɗin ƙarshe mai hawa dutse yana tashi ƙarfe biyu.

Ta tarar da ofishin a kulle. A jikin ƙofa an liƙa sanarwa cewa ma'aikata sun tafi dandali bikin ƙaddamar da Doka Mai Sauƙi, a yi haƙuri. Daga inda take tsaye tana jiyo 'yan badujala, tana kuma hango magajin gari a kan dandamali yana ɗaga shafin dokar sama kamar jariri. Bayan ya gama, shugaban ƙungiyar makiyaya ya karɓa. Bayan shi wani baƙo daga babban birni ya yi minti hamsin yana bayanin amfanin taƙaita magana. Daga ƙarshe aka turo baro uku cike da tsofaffin fom-fom, aka rabar wa matan kasuwa su riƙa naɗe abinci, jama'a suka yi tafi.

Hermelinda ba ta karya ba tun asuba. Ta sayi tortiya, 'yar gurasar nan mai faɗi, da dakakken wake da cuku a wajen wata mai kasko, ta ci a tsaye idonta na kan ƙofar ofis. Da ta gama za ta yar da takardar, sai idonta ya faɗa kan rubutun da ke sama, inda man wake bai taɓa ba. Ta karanta sau biyu. Ta ninke ta ta sa a aljihun siket.

Sha ɗaya da kwata aka buɗe. Sakatariyar, Yadira, ta zauna gaban kwamfuta tana kaffa-kaffa da dogayen faratanta masu jan fenti.

"Suna?"

"Hermelinda Cálix Banegas."

"Gona?"

"El Zapotal, ta sama."

"Kin gani, Doña? Har mun ci rabi. Wace irin dabba?"

"Alfadara."

Yadira ta duba allon. Ta gangara ƙasa, ta koma sama. Ta juyo da shi don Hermelinda ta gani da idonta. Gurbi takwas ne, kowanne da ɗan hotonsa: saniya, doki, jaki, alade, akuya, tunkiya, kaza, kare.

"Babu."

"Me ne ne babu?"

"Alfadara."

"'Yar nan, da asubar nan na bar ta ɗaure a gindin mangwaro. Akwai ta."

"A gindin mangwaro akwai ta, Doña. A nan ne babu."

"To sa ta a 'sauransu'."

"An cire 'sauransu'. Wai ta nan ake cuwa-cuwa."

Hayaniyar ta fito da Dokta Paguada daga ɗakinsa, har yanzu da furen biki maƙale a aljihun farar rigarsa. Dogo ne, mai furfura, yana ɗan ɗingisawa. Saura wata takwas ya yi ritaya, kuma ba wanda ya zauna da shi minti biyu bai ji wannan ba.

"Doña Hermelinda! Ina Canela, maƙiyiyata? Har yau in hadari ya haɗu sai gwiwar nan ta tuna min da ita."

Ta zayyana masa komai, ido da fitsari da rashin ci. Ya daina murmushi. Ya tambaye ta launin dasashi, ya tambayi ko tana iya tsayawa, sannan ya gyaɗa kai.

"Shi ne. Yau take bukatar allurar, ba gobe ba."

"Yawwa. To rubuta doki ka buga hatimi in tafi."

"Doki ce?"

"A'a."

"To kin gani."

"Rubuta jaki."

"Jaka ce?"

"Dokta, kai ma ka san..."

"Na sani, shi ya sa." Ya zaro shafin dokar daga aljihu ya ɗora yatsa a layin ƙarshe. "Layi na bakwai. Duk ma'aikacin da ya rubuta abin da ba gaskiya ba a takarda, kora, ba fansho. Tsohuwar doka tana da gargaɗi, tana da dakatarwa, tana da kwamiti, kafin kwamitin ya zauna mutum ya yi ritaya ya mutu cikin mutuncinsa. Wannan hukuncinta ɗaya ne. Sun ce ya fi sauƙi."

"Ga wa?"

Dokta Paguada ya mayar da shafin aljihu. Ya ce bari ya kira babban birni. Ya sa wayar a amsa-kuwwa, suka yi minti goma sha biyu suna sauraren kiɗan jira, wata murya na katsewa lokaci-lokaci tana taya su murnar sabuwar doka. Can wani saurayi ya ɗauka.

"Alfadara?" in ji shi. "Har yanzu ana yin su?"

"Akwai kusan ɗari uku a gundumar nan," in ji Dokta Paguada.

"Ikon Allah. To ku rubuto wasiƙa zuwa Kwamitin Sauƙaƙawa. Gajera dai, ba sa karanta doguwa. Za su zauna a watan Fabrairu."

"Dabbar ba za ta kai gobe ba."

"In ta mutu akwai gurbin wannan. Shi bai tambayi jinsi ba."

Ya kashe.

Hermelinda ta sa hannu a aljihu ta fito da takardar waken, ta warware ta a kan teburin Yadira ta buga mata tafin hannu. Yadira ta janye faratanta da sauri. Dokta Paguada ya sa tabarau ya sunkuya.

"Allah sarki," ya ce a hankali. "Fom na talatin da ɗaya, kashi na biyu. Alfadarai, mata. Shafi huɗu ne, da kwafi uku, ɗaya shuɗi. Har da wurin rubuta ko tana harbi. Wanda ya tsara wannan ya taɓa hawa dutse."

"To cika shi."

"An soke shi, Doña. Yanzu na wake ne."

Agogon coci ya buga sha biyu. Yadira ta ɗauki jakarta, Dokta Paguada ya laluba hularsa. Ofis yana rufewa don cin abinci har ƙarfe biyu, wannan ba ya cikin abin da aka sauƙaƙa.

Hermelinda ta riga su isa ƙofa. Ta jawo bencin masu jira ta gitta shi, ta zauna a tsakiya, ta dasa lemarta a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Mace ce mai jiki, wadda ta saba ɗaga buhun laba ɗari ita kaɗai. Ƙofar kuwa ɗaya ce.

"Ba mai cin abinci a ofishin nan sai Canela ta ci."

"Haba Doña, kada mu yi haka."

"Mun riga mun yi."

"Zan kira 'yan sanda."

"Kira su. Saje Molina ni na yi masa wankan jarirai, zan tuna masa a gabanka."

Fanka na juyawa a sama. Ƙamshin soyayyen naman alade da ayaba na shigowa ta taga daga rumfar da ke tsallaken titi. Wayar Yadira ta yi ƙara sau uku, wani mai babur yana jiranta a waje yana danna oda. Sha biyu da kwata. Sha biyu da rabi. Hermelinda tana kallon agogo tana ganin Canela, kai a ƙasa, ƙudaje a gefen ido, amma ba ta bari ya nuna a fuskarta ba.

Yadira ta yi ajiyar zuciya ta ajiye jakar.

"Doña, wa ya haifi Canela?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ubanta dai."

"Jakin Don Lencho na Las Minas. Jakin ya mutu."

"Uwarta fa?"

"Wata goɗiya baƙa, ta mutanen Agua Fría."

"To." Yadira ta ciro katin shaidarta ta nuna wa likita. "Ni Yadira Oseguera Lanza ce. Oseguera na babana, Lanza na mamata. Kai Paguada Rosales ne. Ita Cálix Banegas. Duk ƙasar nan ba mai yawo da sunan gida ɗaya sai wanda ba a san ubansa ba. Canela kuwa an san ubanta, an san uwarta. In ka rubuta jaki kaɗai ka yi ƙarya. In ka rubuta doki kaɗai ka yi ƙarya. In ka rubuta duka biyun fa?"

"Kwamfuta ba ta karɓar alama biyu a takarda ɗaya."

"Takarda biyu za ta karɓa."

Dokta Paguada ya cire hularsa ya zauna. Ya dubi silin kamar mai neman izini daga sama.

"Nawa ne nauyinta?"

"Laba ɗari takwas, a sikelin masu sayen gahawa."

"Kwamfutar da nauyi take auna magani." Ya jawo takarda ya yi rubutu. "Jaka, laba ɗari huɗu. Goɗiya, laba ɗari huɗu. Kwalba ƙarama, kwalba ƙarama. In an haɗa..." Ya ja layi a ƙasa, fuskarsa ta washe. "Ba mu ƙara laba ɗaya ba, ba mu rage ba. A jumlace ba mu yi ƙarya ba."

"Na uba ake fara sawa," in ji Yadira, faratanta har sun fara ƙwanƙwasa. "Akwai wurin alamomin jiki. Wane rabin ne jakin, Dokta, gaba ko baya?"

Ya shafa gwiwarsa.

"Baya. Ko a gaban alƙali zan rantse."

Na'urar bugawa ta tofo takarda biyu. Dokta Paguada ya hura wa hatimi iska ya buga, ya sake bugawa. Ya gaya wa Hermelinda ta zuƙe kwalaben biyu, ta raba allurar gefen wuya biyu, ta ajiye ruwa kusa, kada ta tsorata in ta ga dabbar na zufa da murɗar ciki na ɗan lokaci. Ta miƙa hannu, sai Yadira ta danne takardun da farce guda.

"Akwai layi na shida, Doña. Gara ki ji daga bakina. Duk takardar da aka buga, cikin kwana talatin sufeto zai zo daga babban birni ya ga dabbar da idonsa. Takarda biyu, dabba biyu. In bai gani ba, sai a ce an karkatar da magani, a hana gonarki sayen ko maganin tsutsa har shekara biyar."

"Jaka da goɗiya zai nema?"

"Jaka da goɗiya."

Hermelinda ba ta da ko ɗaya. Kaji goma sha ɗaya gare ta, da alade biyu, da Canela. Ta dubi agogo, ɗaya da minti goma. Ta zare takardun daga ƙarƙashin farcen, ta ja benci gefe.

"A ci abinci lafiya."

Don Teófilo ya karanta takardar farko, ya karanta ta biyu, ya leƙo ta saman tabarau.

"Barka da arziki, comadre! Da safe kin zo da dabba ɗaya mara lafiya, yanzu ga ki da biyu. Wannan doka akwai albarka."

"Ba ni kwalabena, ɗan baƙin ciki."

Na'urar ta yi ƙara sau biyu cikin farin ciki. Ta biya lempira ɗari uku da sittin, ta tura kwalaben cikin rigarta, ta kama bas yana tayar da inji. Awa biyu da rabi tana matse tsakanin buhun taki da wata mata mai kwandon 'yan tsaki. Daga inda hanya ta ƙare ta kama hawa a ƙafa, ba ta tsaya shan ruwa a rafi ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta hango mangwaron. Canela na tsaye, ƙafafu a wawware, kai har yana taɓa ƙasa. Wani ya lulluɓa mata jiƙaƙƙen buhu a baya. Don Cástulo ne, maƙwabcinta na gangaren yamma, tsoho mara haƙoran gaba, yana zaune a kan kututture yana kora mata ƙudaje da hularsa.

"Da rana na biyo na gan ta haka," ya ce. "Kin samo?"

"Riƙe min kanta."

Ya riƙe. Ta zuƙe kwalbar jaka, ta zuƙe ta goɗiya, ta soka a dama, ta zagaya ta soka a hagu. Canela ko motsi ba ta yi ba, abin da ya fi komai tayar wa Hermelinda hankali ke nan. Suka zauna. Dabbar ta yi zufa, ta yi ta buga ƙafa a ƙasa kamar yadda likita ya faɗa. Inuwar mangwaro ta miƙe har ta kai bakin shinge. Can sai Canela ta ɗaga kai kaɗan, ta shinshina bokiti, ta tsoma baki. Suna jin ƙarar ruwan na wucewa ta maƙogwaronta. Ta sha kusan rabi.

Hermelinda ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin murhu ne, ko da yake ba a hura wuta ba. Sannan ta fito da takardun ta ba shi labarin tun daga shagon Teo har layi na shida.

Don Cástulo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Yadira ta nuna katin shaidarta?"

Ta juyo. "Wa ya gaya maka?"

"Shi kuma ya shafa gwiwa ya ce baya ne jakin?"

"Cástulo!"

"Ke ce ta shida tun Litinin, maƙwabciya. Kaska ta yi yawa bana. Ni na je ranar Talata saboda alfadarina. Ke benci kika gitta? Ni sai da na kwanta a bakin ƙofa. Wanda ya ji 'babu' ya juya, sai su bar shi ya tafi. Wanda ya hana su cin abinci ne kawai ake tuna masa da uban dabbarsa. Da kin biyo ta gidana da asuba da na ce ki fara da ƙofar tun sha ɗaya."

Ta tuna yadda likitan ya dubi silin.

"To sufeton fa? Ina za mu samo jakuna shida da goɗiyoyi shida?"

"Shida na me? Ɗaya-ɗaya sun isa." Ya nuna gangare da haɓa, inda tsohon jakinsa mai suna Ɗan Majalisa ke tsaye yana barci. "Ga shi nan. Mutumin birni ba zai leƙa ya ga jaki ne ko jaka ba. Matar marigayi Don Lencho ta ba da goɗiyarta. Mun tsara, na rubuta da gawayi a ƙofata. Sufeto zai bi babbar hanya gona-gona, mu kuma mu riƙa yanke da su ta rafi. Duk gidan da ya shiga a tsare shi da gahawa da gurasa har su iso gida na gaba. A wani gidan a shafa wa jakin toka, a wani a ɗaura masa ƙararrawa. Ke zan sa ki bayan maƙwabcinmu Chabelo."

"In ya gane fa?"

"Mutumin da ya tambayi ko har yanzu ana yin alfadarai?" Ya sosa ƙeya. "Abu ɗaya ne ya rage mana. Motarsa a ƙasa za ta tsaya, kin san ba zai hau dutsen nan da ƙafa ba. Jakin da goɗiyar kuwa suna bakin aiki. Nawa alfadarin ba ya yarda da baƙo, na Chabelo gurgu ne."

Hermelinda ta dubi takardun biyu da ke hannunta. Ta ninke su ta sa a aljihu ɗaya da fom ɗin wake. Ta tashi ta ƙara ruwa a bokitin, ta gyara jiƙaƙƙen buhun, ta ɗora hannu a wuyan Canela inda allurar ta shiga.

"Kin ji ko? Sha ki warke," ta ce. "Ke za ki ɗauko shi."

Canela ta kwantar da kunne ɗaya, ta ɗaga ƙafar baya kaɗan daga ƙasa, kamar mai gwada ko tana nan.